Kira Ɗaya a Mako

Ɗana na fari yana da suna kamar kowa, amma ni ban tashi ina kiransa da shi ba. Haka muka tarar a Maradi. Mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, in wani ya yabe shi sai ta kau da kai, ko ta ce ai ba wani abu ba ne. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Tanti, wato goggo. Ban ga abin damuwa a ciki ba, don uwata ma haka ta yi da yayana, kuma ba wanda ya mutu.

Yana da shekara bakwai muka zo Greensboro. Watan farko malamar lekol ɗinsu, wato makarantarsu, ta aiko a kira mu, wai tana so ta san ina uwar yaron take, tunda ya ce da Tanti yake zaune. Maigidana ya yi ta bayani har ya gaji. Daga ranar aka ce yaro ya riƙa cewa Mama, ya kuwa koma Mama. Ni dai ban canza ba. A asibiti in an tambaye ni sunansa sai in miƙa kati. Takardun lekol ubansa ke cikawa. A gida kuwa "kai" ya ishe mu, in ba ya nan in ce "yaron nan".

Ina kitso a wani shago a gabashin gari, maigidana yana tuƙa tirela, sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba. Saboda haka ni na riƙa kai yaron ƙwallo, tun yana buga ta a bayan gidajenmu har wani Bature mai tumbi da ke horar da kulob ya gan shi ya ɗauke shi. Shekara tara ina wannan jigila. Iyaye mata sukan jera kujerun ninkewa a bakin fili suna ihun sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dushe. Ni ina can ƙarshen layi da fulas ɗin shayina. In ya ci ƙwallo sai in duba cikin jakata kamar na ɓatar da makulli.

Mace ɗaya ce ta ƙi barina in zauna lafiya, uwar golan ƙungiyar, baƙar fatar Amurka, nas ce, ga murya ga jiki. Sai ta taso ta girgiza mini kafaɗa ta ce, "Ɗanki ne fa ya ci." In ce mata na gani. Ta ce ita ba ta taɓa ganin uwa mai sanyin jini irina ba. Na bar ta a haka. Ta ina zan fara yi mata bayani?

Da ya shiga aji sha ɗaya wasiƙu suka fara zuwa daga jami'o'i. Yawancinsu irin waɗanda ake aika wa kowa ne, amma akwai wata jami'a can cikin duwatsu, tafiyar awa biyu daga nan, wadda kocinta yake rubutawa da hannunsa. Abin da yaron yake nema shi ne burs, wato jami'a ta ɗauke masa nauyin karatu shi kuma ya buga mata ƙwallo. In ba burs ba jami'a, wannan duk gidan mun sani, ba sai an zauna an faɗa ba.

Ƙasar nan ba abin da ba su yi wa doka ba, har gaisuwa. Wata rana ya dawo da takarda ya manna a jikin firij, ya tsaya yana karanta mini da Turanci ina yanka albasa. Kocin jami'a yana iya rubuto wasiƙa, amma ba zai buga waya ba sai ranar ɗaya ga Yuli bayan an gama aji sha ɗaya. Kafin wannan rana ko a bakin fili ya haɗu da yaro ko iyayensa, gaisuwa kawai zai yi ya wuce. Mu muna iya kiransa duk lokacin da muka so, shi ne ba ya iya mayar da kiran. In ranar ta zo kuma, kira ɗaya gare shi a mako. Yaron ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Mama, ko da ke ya yi magana, an ƙirga. Kiran makon ya tafi ke nan."

Na ce, "To."

Ya ce, "Kin gane?"

Na ce, "Miƙo mini gishiri."

Na gane sarai. Amma uwa ba ta tsayawa tana tambayar ɗan fari dalla-dalla a kan al'amarinsa kamar wata ƙawarsa. Takardar ta yi wata tara a jikin firij, har mai ya ɓata gefenta.

A watan Afrilu aka yi wata gasa a manyan filayen bayan gari. Uwar gola ta zunguro ni ta nuna mini wani siririn mutum da hula, zaune shi kaɗai a kusurwa yana rubutu a kan gwiwarsa. Ta ce mutumin duwatsu ke nan, kuma saboda ɗana ya zo. Ranar yaron ya buga abin da ban taɓa ganin ya buga ba. Ƙwallo biyu ya bayar aka ci, ɗaya ya ci da kansa da ƙafar hagu daga nesa. Da aka tashi hanya ta haɗa ni da mutumin wajen motoci. Na ce masa sannu, ya taɓa bakin hularsa ya ce sannu, ya wuce. Ya burge ni ƙwarai. Na ce a raina ga mutum mai kunya, ya san ba a tsayar da uwa a yi mata zancen ɗanta. Na manta doka ce ta rufe masa baki.

Ɗaya ga Yuli ta zo da zafi irin na garin nan, mai danƙo. Lokacin ba kowane yaro ke da salula ba, lambar wayar gida ya bayar. Yana aikin hutu a wurin wanke motoci, ya roƙi a ba shi ranar. Tun da ya idar da sallar asuba ya jawo kujera kusa da wayar ya zauna. Ko wanka a gurguje ya yi, ƙofa a buɗe. Maigidana yana hanya.

Wajen ƙarfe goma sai ga Hajiya. Ita ce ta karɓe mu lokacin da muka sauka a garin nan, wata uku muna kwana a falonta, ita ta samo mini aikin kitso. Ta fi shekara ashirin a ƙasar, Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Jikanta aka haifa, washegari suna, kuma ragon yana wata gona a McLeansville, wanda zai ɗauko shi ya ba ta kunya. Ta ajiye buhun fulawa a kicin ɗina don mu yi cincin, ta dubi yaron ta ce, "Alhamdu lillahi, ga ɗanmu a zaune. Tashi ka ɗauko mini ragon nan."

Ya dube ni. Da Turanci, a hankali, ya ce, "Mama, kiran."

Magana ɗaya ce da zan yi. Hajiya, yau yana jiran waya mai muhimmanci, bari in nemo wani. Da ɗana na biyu ne da na faɗa ba tare da na ji komai ba. Amma in tsaya a gaban Hajiya in kare ɗan fari, in nuna al'amarinsa ya fi ragon sunanta? Bakina bai san yadda ake haɗa wannan maganar ba.

Na ce, "Ba ka ji ana magana ba? Tashi."

Ya ɗauki makullin mota ya fita. Bai buga ƙofa ba, ba halinsa ba ne.

Muna cikin murza fulawa wayar ta yi ƙara. Na goge hannu na ɗauka, Hajiya tana zaune a kan kujerar da yaron ya tashi a kai, taku biyu tsakaninmu. Murya ce mai laushi. Ya faɗi sunansa da na jami'arsa, ya nemi yaron. Na ce ya fita. Nan ya kamata in ce masa ya ajiye, yaron zai kira shi da kansa. Ban ce ba. Ya tambaya ko ni ce mahaifiyarsa, na ce e.

Sai ya fara yabo. Ya ce shekara biyu yana bin yaron, ya ce bai ga mai ganin fili kamarsa ba a cikin sa'o'insa, ya ce lalle ina alfahari da shi. Wayar tamu mai ƙara ce, Hajiya tana jin komai, ta daina murza tana kallona.

Na ce, "Ba wani iyawa ya yi ba. Wasa ne kawai. Akwai yara da yawa da suka fi shi."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauka zolaya nake. Ya tambaya yaya muke gani a gida, ko muna goyon bayan ya buga ƙwallo a jami'a.

Na ce, "Ni ban san harkarsa ba. Ba na shiga."

Ya ce in lokaci ya yi za su gayyace shi ya zo ya ga jami'ar, kuma suna son iyaye su zo tare.

Na ce, "Ni ba na zuwa irin wannan."

 Ya yi godiya, ya ce a gaya wa yaron zai sake kira mako mai zuwa. Na ajiye wayar. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Kai, ke dai 'yar gidan mutunci ce. Matan yanzu da an yabi ɗansu sai su hau rawa." Na ji daɗin maganar, ba zan yi ƙarya ba. Muka ci gaba da yanka cincin.

Ya dawo bayan azahar yana warin rago, riga duk gashi. Tun daga bakin ƙofa ya ce, "An kira?" Na ce wani ya kira, ya ce sai mako mai zuwa. Ya tsaya yana kallon wayar. Ya tambaya ko mun yi magana, na ce mun gaisa. Ya buga lambar kocin sau uku a ranar, na'urar ɗaukar saƙo ce take amsawa. Kwana bakwai ɗin nan bai ci abincin kirki ba, ni kuma na riƙa zuba masa kamar kullum ina kwashewa.

Kocin ya cika alkawari, ya kira. Ya ci gaba da kira har aka koma lekol, wani mako ya kira wani ya tsallake. A watan Satumba suka gayyaci yaron ziyara ta kwana biyu. Ubansa yana can wata jiha da kaya. Yaron ya same ni ina ninke wanki ya ce, "Mama, za ki zo? Asabar kawai. Ki zauna a ofis minti talatin." Na ce Asabar ce ranar da shago ya fi cika. Gaskiya ce, amma ba ita ce dalili ba. Na hango kaina zaune a ofis ana yabonsa yana gefena, ban san inda zan sa fuskata ba.

Ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo ƙanensa ya tambaye shi yaya wurin, ya ce akwai sanyi, filin yana da kyau. Ya ce tare da wani yaro aka gayyace su, mai buga wuri ɗaya da shi, kuma wancan ya zo da uwarsa da ubansa da kakarsa a keken guragu. Yana faɗa yana cire takalmi, bai dube ni ba. Na ce a wanke hannu abinci ya sauka.

Daga tsakiyar Oktoba wayar ta daina ƙara. Mako ɗaya, biyu, uku. Ya daina zama kusa da ita. Takardar dokokin ma na wayi gari ban gan ta a jikin firij ba.

Wata Laraba da yamma ya dawo daga atisaye ya same ni a kicin ina gyaran alayyafo. Bai ajiye jakarsa ba. Ya ce Baturen kulob ɗinsu ya buga wa kocin duwatsu waya don ya ji inda aka kwana. Kocin ya ce burs ɗaya ya rage masa, yara biyu yake dubawa, kuma ya sha ganin yaron da gidansu ba sa bayansa, zango ɗaya yake yi ya koma gida neman aiki. Ya ce uwar da bakinta ta gaya masa ba ta shiga harkar, kuma ba ta ga wani iyawa ba.

Ya ce, "Me kika ce masa ranar?"

Na maimaita masa kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Ina faɗa ina tsinke ganye. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar labarin wata nake bayarwa.

Yaron nan Turanci yake mayar mini da shi tun yana ɗan shekara tara. Ranar da Hausa ya yi magana, Hausar kakarsa, ta Maradi.

Ya ce, "Tanti, haka kike gani? Ban iya ba?"

Na buɗe baki. Na san amsar, shekara tara ina zaune a bakin fili da ita. Abin da ya fito shi ne, "Je ka yi wanka, magariba ta kusa." Ya juya ya tafi. Na ji ruwa yana zuba a banɗaki. Na ƙarasa alayyafon, na dafa, muka ci.

Mutane suna tsammani a irin wannan lokaci kuka ake yi. Ni ban yi ba. Ban ji zafi ba, ban ji komai ba. Na riƙa tashi, in yi salla, in tafi shago, in kama kan mace in yi ta kitsawa har yatsuna su ƙage, in dawo. Da maigidana ya dawo daga hanya ya ji labari, cewa ya yi abin da Allah ya rubuta ba ya wucewa, ya kwanta don baccin mako biyu yake bi.

Uwar gola ce ta zo shagon a tsakiyar Nuwamba, wai gyaran kitson goshi take so. Na san ba shi ya kawo ta ba. Ina kitsa mata ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin san doka ba ta hana ki kiransa ba. Ke kina iya kira ko sau goma a rana." Ta ajiye wata 'yar takarda a kan tebur kusa da man kitso, da lamba a jiki.

Kwana biyu takardar tana cikin jakata. Rana ta uku wajen sha ɗaya na safe na bar wata mata da rabin kai, na ce ina zuwa. Akwai waya a ɗakin baya inda muke ajiye kwalayen gashi. Na rufe ƙofa na buga. Na'ura ce ta ɗauka, muryarsa mai laushi tana cewa ba ya nan, a bar suna, da sunan ɗan wasan da ake kira a kansa, da lamba. Na ji ƙarar da ke nuna a fara magana. Na ajiye.

Na sake bugawa, na sake ajiyewa.

A karo na uku na juya wa ƙofa baya, na dubi bango, na faɗi sunan. Cikakke na faɗe shi, yadda liman ya raɗa masa. Ya yi mini nauyi a baki kamar na tauna abin da ba a ci. Na ce ni ce uwarsa. Na ce da guntun Turancina, abin da na gaya maka a Yuli ba haka ba ne, a wurinmu uwa ba ta yabon ɗanta na fari, shi ya sa. Na ce ya iya. Na ce ba wasan da ya buga a shekara tara da ban gani ba, in ka cire biyu lokacin da na haihu. Na ce ka lura ba ya kallon ƙwallo in zai bayar, ya riga ya san inda kowa yake. Na ce ba zai bar karatu ba, ni zan kawo shi da kaina, zan zauna a ofishinka duk tsawon da kake so. Ina cikin cewa ƙafarsa ta hagu na'urar ta yi ƙara ta yanke.

Na tsaya da wayar a hannu har ta fara kuka. Na mayar da ita, na koma na ƙarasa kan matar. Ta ce hannuna ya yi sanyi, na ce ruwa na taɓa.

Ba wanda ya kira. Bayan kwana huɗu wasiƙa ta zo, gajera, da hannu. Kocin ya yi godiya, ya ce yaron yana iya zuwa ya gwada sa'arsa a ƙungiyar in ya samu shiga jami'ar da kansa, amma burs an bayar. Yaron ya karanta ya bar ta a kan tebur. Da ya fita na ɗauka na duba kwanan watan da ke sama. An rubuta ta kwana biyu kafin in shiga ɗakin kwalaye.

A watan Fabrairu aka yi ranar sa hannu ta yaran da suka samu burs a ɗakin karatun lekol ɗinsu. Golan ya samu wata jami'a, uwarsa ta aiko mini da hoto, tana tsaye a bayansa ta dafa kafaɗunsa biyu. Nawa ya gama aji sha biyu, ya yi shekara ɗaya a ƙaramar kwalejin gari, sannan ya kama aiki a wani babban sito kusa da filin jirgi. Yana can har yanzu, ya zama mai kula da wasu. Ran Lahadi yakan buga ƙwallo da 'yan Mexico da 'yan Afirka a wani fili mai gangara. Ba ya gaya mini lokacin wasan, ni ma ba na tambaya.

Ban taɓa gaya masa na yi wannan kiran ba. Na sha shirya maganar a mota, in na iso sai in tambaye shi ko ya ci abinci. Ba ma faɗa. Yana zuwa duk Juma'a, ya durƙusa ya gaishe ni, ya duba mini man mota, ya kawo shinkafa in ta ƙare.

Sai dai tun ranar alayyafon nan bai sake ce mini Mama ba. Tanti yake cewa, a gida da waje. A wajen wani biki Hajiya ta ji shi, ta kira matan da ke kusa ta ce su zo su ga yaron da ya tashi a Amurka amma bai yar da al'ada ba, ya san kunyar ɗan fari. Suka yi ta sa mini albarka, suna cewa na iya tarbiyya. Yana tsaye riƙe da kular abinci yana jiran in gaya masa inda zai ajiye.

Na kau da kai na ce musu ai ba wani abu ba ne.